Babi na Shida: Ƙarin Ruwa a Jikin Ƙusa

Akwai cututtukan da ba sa jin maganin kwana biyar ko bakwai. Idan ƙwayar cuta ta samu shiga cikin ƙashi, ko ta maƙale a ƙofofin zuciya, ko ta kama ƙarfen da aka sa wa mutum a gwiwa ko a ƙugu, likita kan rubuta magani na mako huɗu zuwa shida, kuma shekara da shekaru ƙa'idar ita ce ta jijiya za a bayar. Jini ba ya ratsa ruɓaɓɓen ƙashi yadda ya kamata, su kuma ƙwayoyin sukan lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke shan wahala kafin ya huda. Dole sai an daɗe ana yi, a kan lokaci, babu fashi.

Kafin a cika kwana goma, galibi mara lafiyan ya miƙe. Zazzaɓi ya sauka, yana cin abinci, yana zagaya ɗaki yana hira da maƙwabtan gado. Abin da ya riƙe shi a asibiti bai wuce ledar magani da za a rataya masa na rabin awa ko awa ɗaya ba, sau ɗaya ko biyu ko uku a yini. Sauran lokacin duk zaman jira ne. Kuɗin gado na hawa, sana'arsa ta tsaya, yaransa na hannun dangi, ga wani can a ɗakin gaggawa da ya fi shi buƙatar gadon. Shi kansa zaman asibitin ba lafiya ba ne, domin a can ne ƙwayoyin cutar da suka fi taurin kai suke taruwa.

A shekarar 1974 wasu likitocin yara biyu a birnin Hustan na jihar Teksas, Ralph Rucker da Gunyon Harrison, suka buga rahoton yadda suka riƙa bai wa yara masu cutar sistik faibrosis, wata cutar gado da ke cika huhu da majina mai kauri, maganin jijiya ba tare da kwantar da su ba. Daga nan abin ya bazu, har ya zama ruwan dare a Amurka da Birtaniya da Ostareliya, ya kuma samu sunan da likitoci ke taƙaitawa da OPAT. Wani mara lafiyan yakan zo asibiti kullum a ɗaura masa ya koma, wani nas ce ke zuwa gidansa, wani kuma shi ko mai jinyarsa ake koya wa su yi da hannunsu. Sai dai a Amurka kusan duk waɗannan hanyoyi sun rataya ne a kan inshorar lafiya. Wanda ba shi da ita, babu kamfanin da zai aiko masa da nas ko na'urar tura magani. Gadon asibitin gwamnati ne nasa har mako shida su cika.

Asibitin Parkland da ke Dalas, inda aka garzaya da Shugaba Kennedy bayan an harbe shi a 1963, asibitin talakawan gundumar ne. Da yawa daga cikin masu zuwa ba su da inshora, da yawa kuma Sifaniyanci suke ji. A 2009 wata likitar cututtuka masu yaɗuwa, Dakta Kavita Bhavan, da abokan aikinta suka fara wani tsari da mutane da dama suka yi wa kallon kasada. Suka ce tun da babu kuɗin nas, babu kuɗin na'ura, a koya wa marasa lafiyan su yi da kansu. A kafa ƙusa a bango sama da kai, a rataya hangar kaya ta waya, a saƙala ledar magani a jikinta, ruwan ya gangaro da nauyinsa. Aka rubuta bayanin da sauƙin da ɗan aji huɗu na firamare zai karanta ya fahimta. Aka shirya bidiyo da Turanci da Sifaniyanci, daga baya har aka riƙa manna lambar QR a jikin ledar maganin, wato ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haska wa kyamarar waya, sai ga bidiyon ya buɗe. Ba a sallamar kowa sai ya yi aikin daga farko har ƙarshe a gaban nas, sau uku a lokuta daban-daban. Bayan sallama kuma duk mako yana dawowa a canza masa filasta a ɗebi jininsa.

A Disambar 2015 suka buga sakamakon a mujallar PLOS Medicine. Daga 2009 zuwa 2013, mutum 944 marasa inshora sun yi wa kansu maganin a gida, mutum 224 masu inshora kuma ma'aikatan lafiya ne suka yi musu. Haɗarin a sake kwantar da mutum cikin kwana 30 ya yi ƙasa da kashi 47 cikin ɗari a wajen waɗanda suka yi da hannunsu, ba a kuma ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a yawan mace-mace cikin shekara guda. Kwanakin gado 27,666 asibitin ya tsira da su.

Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da natsuwa. Ba ƙuri'a aka jefa aka raba mutanen gida biyu ba, don haka akwai bambance-bambance tsakaninsu tun asali, duk da masu binciken sun yi ƙoƙarin daidaita su da lissafi. Binciken kuma bai ware bidiyo shi kaɗai ya auna shi ba. Tsarin ne dungurungum aka auna. Duk da haka abin da ya nuna ya ishe ni hujja a kan magana ɗaya da nake jin zafinta: ƙarancin karatu da talauci ba su hana mutum iya aiki mai buƙatar tsafta da kula, muddin an zauna an koya masa da harshensa, an kuma ci gaba da bibiyarsa. Sau da yawa idan aka ce "ba za su iya ba", ba a taɓa gwada koya musu ba ne.

Don a gane inda bidiyo ke shigowa, sai an san abin da ake nema mutum ya riƙe a kansa. Ba kanular bayan hannu ake sallamar irin waɗannan marasa lafiya da ita ba. Wani siririn bututu ne mai laushi da ake kira PICC, ana zura shi ta jijiyar damtse, ya bi ciki har bakinsa ya tsaya a babbar jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya. Yana iya yin makonni a jiki. Amfaninsa kenan, haɗarinsa ma kenan, domin duk ƙazantar da ta taɓa bakinsa na waje ta samu hanya miƙaƙƙiya zuwa cikin jini.

Saboda haka kowane ɗauri yana da jerin matakai da ba a tsallake ko ɗaya. A fito da maganin daga firiji da wuri sanyinsa ya sake. A duba sunan da ke jikin ledar, da sunan maganin, da ranar lalacewarsa, a ɗaga ta sama a ga ko ruwan ya yi gurɓi ko ledar na yoyo. A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa ashirin, a goge teburi. A soka tiyon a ledar, a bar ruwa ya cika shi ya koro iska waje. A goge bakin bututun da auduga mai sifirit, gogewa da ƙarfi ta daƙiƙa goma sha biyar, sannan a jira ya bushe, kada a hura masa iska da baki, kada a ajiye shi a kan cinya. A tura ruwan gishiri da sirinji mai cin mililita goma, domin ƙaramin sirinji yana da matsi mai yawa da zai iya fasa bututun, in kuma aka ji ya cije, a tsaya, ba a dannawa da ƙarfi. A jona magani, a murza ɗan tayan da ke jikin tiyo ana kallon agogo ana ƙirga ɗigo. Wannan ƙirgar ba ado ba ce. Bankomaisin, alal misali, sai an ba shi aƙalla awa guda yana shiga. In ya kwarara da sauri fuska da wuya su yi ja, jiki ya ɗau ƙaiƙayi, jini na iya faɗuwa. In an gama a cire, a sake gogewa, a sake wankewa da ruwan gishiri, a bi da hefarin, maganin hana jini daskarewa, idan likita ya rubuta, a danne maƙallin.

Yanzu a duba ranar da ake koyar da wannan. Ranar sallama ce ko jajibirinta. Mutum ya yi kwanaki bai samu barcin kirki ba, hankalinsa na kan kuɗi da motar da za ta kai shi gida, nas ɗin kuma tana da wasu marasa lafiya na jiranta. Masanin halayyar ƙwaƙwalwa Roy Kessels ya tattara bincike a 2003 da ya nuna cewa marasa lafiya kan manta kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na abin da aka gaya musu nan take, kusan rabin abin da suka ce sun tuna ma ba daidai suka tuna shi ba. Takarda tana taimakawa, amma takarda ba ta iya nuna yadda ake riƙe bakin bututu da yatsa biyu ba tare da an taɓa kansa ba, ko tsawon daƙiƙa goma sha biyar a aikace. Mutum zai goga sau uku ya ɗauka ya cika. Idan bidiyo ya bar kyamara a kan hannun har lokacin ya cika, ba tare da an yanke ba, sai mai kallo ya ji tsawon a jikinsa. A nan gani ya kori ji.

Bidiyo yana da wasu fa'idodin da ba a cika faɗa ba. Ba ya gajiya, ba ya ɓata rai idan aka maimaita shi sau goma, ba a kuma jin kunyarsa. Dattijon da zai gyaɗa wa yarinyar nas kai alhali bai gane ba, don kada a ce ya cika tambaya, zai iya mayar da bidiyo baya shi kaɗai a ɗakinsa da ƙarfe biyar na asuba. Sannan wanda aka koya wa a asibiti ba lallai ne shi zai riƙa ɗaurawa a gida ba. An koya wa ɗa, ɗan ya koma wajen aiki, aikin ya faɗa hannun matar gida ko ƙanwa. In ba bidiyo, abin da za ta samu shi ne abin da ya rage a kan ɗan, kowane miƙa hannu kuma sai wani abu ya zube. Har ila yau, nas uku kan koyar da abu ɗaya ta hanya uku, mara lafiya ya rasa wadda zai bi. Shirya bidiyo yana tilasta wa asibiti ya zauna ya tsayar da hanya ɗaya tukuna, kuma ina ganin wannan zaman kaɗai ya biya kuɗin kyamarar.

Ba kowane bidiyo ne ke yin wannan aiki ba. Wanda aka ɗauka likita na tsaye da farar riga yana jawabi na minti ashirin, lacca ce aka naɗa. Mai amfani gajere ne, aiki ɗaya bidiyo ɗaya, ta yadda wanda ya maƙale a wajen koro iska zai je kai tsaye wurin. Kyamara ta leƙo ta bayan kafaɗa, hannun dama ya fito a dama kamar yadda mai yin aikin zai ga nasa. Kayan da ke ciki su zama irin waɗanda aka ba shi sak, domin launin murfi ɗaya in ya bambanta ya isa ya rikita mutum mai fargaba. A kuma ɗauke shi a ɗaki irin na mutane. Dakta Sara Keller ta Jami'ar Johns Hopkins da tawagarta sun shiga gidajen marasa lafiya sun kalli yadda suke yi, suka tarar da matsalolin da ba a tuna su a asibiti: yadda za a yi wanka filasta bai jiƙe ba, dabbobin gida, tarkacen ɗaki, zafi da sanyi, aikin girki da na lambu, da yadda za a yi tafiya da magani.

Sai kuma iyakar abin, wadda ta fi duk fa'idodin muhimmanci a wurina. Bidiyo ba ya ganin hannunka. A 2018 wasu masu bincike a Jami'ar Chicago, Michael Kardas da Ed O'Brien, suka sa mutane kallon bidiyon gwanaye suna abubuwa kamar jifan kibiya a allo, wasu sau ɗaya, wasu sau ashirin. Waɗanda suka kalla sau ashirin sun fi amincewa za su iya, amma da aka ba su su jefa, ba su fi sauran ba. Ido ya ƙoshi, hannu bai koyi komai ba. Duk wadda ta girma tana kallon mahaifiyarta na tuƙa tuwo ta san ranar da aka fara miƙa mata muciya. A jifan kibiya kuskure abin dariya ne. A bututun da ke kaiwa bakin zuciya kuskure na iya zama gubar jini. Shi ya sa gwajin nan sau uku a gaban nas shi ne ƙashin bayan tsarin Parkland. Asibitin da zai ɗauki bidiyon ya bar gwajin don rage aikin nas-nas, ya ɗauki ɓangaren da ya fi arha ne ya yar da wanda ke kare rai.

Akwai kuma abin da ko hannun da ya ƙware ba zai gano ba. Bankomaisin da jentamaisin na iya taɓa ƙoda mutum bai ji komai ba sai abin ya yi nisa, jentamaisin na iya lalata ji da daidaiton tafiya, wasu magungunan in aka daɗe a kansu suna rage fararen ƙwayoyin jini ko su motsa hanta. Gwajin jinin mako-mako ne kawai ke kama waɗannan. Haka nan alamomin haɗari sun cancanci nasu bidiyon daban: zazzaɓi ko rawar ɗari, musamman jim kaɗan bayan an wanke bututu, kumburin hannu ko wuya, ja ko mugunya a inda ya shiga, bututun ya ƙara fitowa waje, ƙuraje, gudawa mai yawa. Bidiyon ya ƙare da lambar waya, a kuma samu mai ɗaga wayar dare da rana. Lambar da ba a ɗagawa ta fi babu muni, domin mara lafiya zai zauna yana jira.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan labarin Amurka ne. Amma allurar jijiya a gida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowa ya taɓa ganin mutum da kanula a bayan hannu naɗe da filasta, an sayo seftiriyazon a kemis, wata nas a unguwa ko mai kemis ɗin na zuwa safe da yamma. Buƙatar kuma gaskiya ce: Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da sikila, ciwon ƙashi mai ruɓa na daga cikin abin da ke addabar masu ita, ga masu ciwon suga da gyambon ƙafa. Abin da babu shi ne tsarin. Galibi ba a yi gwajin gano ƙwayar cutar ba, babu ranar tsayawa, babu mai duba ƙoda, kanula kuma ba a yi ta don makonni ba, cikin 'yan kwanaki take toshewa ko jijiyar ta kumbura. Maganin da aka riga aka haɗa yana son firiji, firiji na son wuta. In kuɗi ya ƙare a kwana na uku, magani ya ƙare. Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankin da adadin ya fi tsanani idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma.

Don haka ina tsoron bidiyon "yadda ake ɗaura ruwa" da Hausa idan aka sake shi haka kawai. A Dalas lambar QR ɗin na manne da ledar da aka rubuta wa mutum ɗaya, da sunansa. A nan bidiyo kan bi WhatsApp da Xender daga waya zuwa waya, sunan asibitin ya ɓace, rubutun da ke ƙasa ya ɓace, ya isa hannun wanda babu likitan da ya taɓa dubawa. Duk asibitin da zai shirya irinsa, sai ya sa muryar cikin bidiyon ta faɗi sunan asibitin da shekara da waɗanda aka yi wa shi, ta kuma maimaita a tsakiya, inda ba za a yanke ba. Kuma a halin da muke ciki, bidiyon da ya fi gaggawa shi ne na mai jinya: yadda za ta gane kanula ta lalace, abin da ya sa ba a sake amfani da sirinji, abin da ya sa allurar farko sai a inda ake da kayan ceto idan jiki ya ƙi maganin, da alamun da in ta gani ba ta jiran gari ya waye. Sai ya amsa tambayar da bidiyon Dalas bai san da ita ba, wato yadda mai kanula a bayan hannu zai yi alwala sau biyar a yini filasta bai jiƙe ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayanin shafa a kan ɗauri da taimama ga mai lalura. Idan bidiyon ya yi shiru, mara lafiya zai yanke wa kansa hukunci, galibi kuma ruwan zai zuba.

Wani sauyi da ke faruwa a fagen likitanci ya shafe mu ƙwarai. A 2019 aka buga sakamakon gwajin OVIVA da aka yi a asibitoci 26 a Birtaniya kan mutum 1,054 masu cutar ƙashi da gaɓoɓi. An raba su ta ƙuri'a, rabi jijiya, rabi ƙwayar sha a makonni shidan farko. Bayan shekara, maganin ya gaza a kashi 14.6 cikin ɗari na masu jijiya da kashi 13.2 na masu sha, matsalar bututu kuwa ta samu kashi 9.4 na rukunin farko da kashi 1 na na biyu. A Denmak gwajin POET kan mutum 400 masu cutar ƙofofin zuciya ya nuna cewa waɗanda suka daidaita bayan aƙalla kwana goma na jijiya za a iya mayar da su kan ƙwaya ba tare da sakamako ya lalace ba. A duka biyun ƙwararru ne suka zaɓi ƙwayar bisa gwajin ƙwayar cutar, ba saye aka yi da ka ba. A ƙasar da mutane da yawa ke ganin ba a yi musu magani ba in ba a soka allura ba, wannan labari ne da ya cancanci nasa bidiyon, da muryar likitan da jama'a suka yarda da shi.

Waɗanda dole sai jijiyar suna nan: ƙwayar cutar ta bijire wa duk maganin sha, ko hanjinsu ba ya tsotsar magani, ko cutar na wurin da ƙwaya ba ta kaiwa da ƙarfi. Su ya kamata a rubuta wa ranar gamawa tun kafin su bar asibiti, a faɗa musu da baki, a sa a takarda, a kuma nuna a bidiyo abin da zai faru ranar. Bututun PICC ba a cire shi a gida da hannun mara lafiya. Ma'aikacin lafiya ne ke zare shi a hankali, ya danne wurin, ya rufe, ya duba tsawonsa ya tabbatar ya fito cif babu guntun da ya rage a ciki. Akan samu wanda ya gama magani, ya ji garau, bai koma ba, bututun ya ƙara makonni a damtsensa ba a wanke shi, yana jiran gudan jini ko ƙwayar cuta. Shi ya sa shirye-shiryen da suka san aikinsu ke ajiye jerin sunayen duk wanda ke da bututu a jiki, ba sa goge suna sai nas ta rubuta cewa an cire, wanda bai zo ba kuma a buga masa waya a ranar.